Majami'a da Rijiyar Gari

A watan Maris na 2023 Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta yi bikin cika shekara ɗari. An taru a Kwarhi, hedikwatarta da ke kusa da Mubi, an kuma je Garkida inda abin ya faro. Zumuntar mata ta fito da zane iri ɗaya, mawaƙa sun cashe, baƙi sun zo daga Amurka da Turai. Duk wanda ya san halin da wannan ikilisiya ta shiga shekara tara kafin ranar ba zai ga laifin mai kuka ba, ba zai ga laifin mai rawa ba. Sai dai biki ba ya ba mutum sararin yin wata tambaya, ita ce kuwa ta fi damuna: a cikin shekara ɗarin nan, yaushe muka fi rai, kuma me muke yi a lokacin?

Idan ka tambayi sakataren kowace majami'a a Arewa, ko ta wace ɗarika ce, yadda ikilisiyarsa ke ci gaba, littafi zai buɗe maka. Mutum nawa aka yi wa baftisma bana, nawa baiko ya kai, rassa nawa aka buɗe, ina gini ya tsaya. Lissafi ne mai kyau, dole a yi shi. Amma mutanen gari suna da nasu lissafin da ba ya shiga littafi. Mai shayin bakin titi da ungozoma da mai unguwa ba ruwansu da yawan kujerunmu. Abin da suke riƙewa shi ne ɗan wane aka yi wa magani a wurin mutanen nan, 'yar wane ta koyi karatu a hannunsu, bokitin wa ya cika a rijiyarsu. Da na bi tarihinmu da wannan lissafi na biyu, sai na ga ba a lokacin da muka fi kuɗi ko gine-gine muka fi rai ba.

Ranar 17 ga Maris 1923 wasu Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, ƙasar Bura, kusa da kogin Hawul. Sai a 1927 aka yi wa mutanen farko baftisma. Kafin nan an riga an buɗe makaranta, an fara wanke gyambo da ba da magani. Matar Kulp, Ruth, a can ta rasu a 1924, aka sa wa asibitin Garkida sunanta. A 1929 aka kafa mazaunin kutare. Daga nan aiki ya bazu zuwa Lassa a ƙasar Margi, da Marama, da Chibok, har aka kafa makarantun Waka kusa da Biu, inda malamai da ma'aikata masu yawa na yankin suka fito.

Mazaunin kutaren nan ya cancanci a tsaya a kansa. A wancan zamani wanda kuturta ta kama ya zama abin gudu, ƙwaryar shan ruwansa dabam, ɗakinsa a bayan gari. Irin waɗannan mutane ne suka riƙa zuwa Garkida daga nesa, ƙabila-ƙabila, su zauna shekaru ana yi musu magani. A nan suka yi noma, suka koyi sana'a, suka koyi karatu, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Da aka sallame su suka koma garuruwansu da abin da suka ji. Majami'u da dama a ƙauyukanmu ba Bature ya kafa su ba, wanda danginsa suka taɓa kora ne ya dawo da lafiyarsa ya tara su a ƙofar gidansa. Wanda aka yi wa hidima ya zama mai hidima, kuma ba wani kwamiti da ya tsara haka.

Ba na so in yi wa zamanin mishan kwalliyar da ba tasa ba. Likita daga waje yake, kuɗi daga waje suke, shawara daga waje take, mutanenmu kuwa su ne masu bin layi. Akwai kuma Musulmi da masu bin addinin gargajiya da suka ɗauki maganin a matsayin tarko, kuma ba a ko'ina zarginsu ya zama na banza ba. Duk da haka ba zan rage wa mutanen nan ladansu ba. Laura Wine ma'aikaciyar jinya ce a asibitin Lassa, tana kan aiki ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba a farkon 1969, aka kai ta Jos ta cika a can. Cutar ce duniya ke kira zazzaɓin Lassa har yau. Wanda ya ba da ransa a bakin gadon majinyacinka ba ka yi masa rowar godiya.

Lokacin da ya fi burge ni ya zo ne bayan wannan. A 1972 ikilisiyar ta karɓi ragamar kanta daga hannun mishan, kuma a daidai shekarun ne aka fara shirin da aka kira Lafiya. Masu aikin asibiti sun lura cewa yaron da aka warkar daga gudawa a Garkida ko Lassa zai koma ƙauye ya sha ruwan da ya sa masa ita, ba da jimawa ba a sake goyo shi a dawo. Sai aka juya abin. Ƙauye ne zai zauna ya kafa kwamiti, ya zaɓi mutanensa, namiji da mace, waɗanda gari ya yarda da su, ya tura su Garkida su yi wata uku. Ba a cika musu kai da turancin likita ba. Da labari da waƙa da wasan kwaikwayo aka koya musu, su ma da su za su koyar in sun koma: yadda sauro ke kawo zazzaɓi, dalilin haƙa masai, abin da za a ƙara wa kunun yaro don kada ya rame, ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa. Ƙauye ne ke gina ɗakin shan magani, ƙauye ne ke lura da akwatin magungunan da ladan ma'aikatan. An fara wannan tun kafin taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya daga matakin farko yake farawa. Dattijuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta iya rera maka abin da za ka yi wa yaro mai zafin jiki, domin da harshenta da salonta aka faɗa mata.

Haka aka yi da rijiyoyi. Gari ya kawo yashi da tsakuwa da majiya ƙarfi, shiri ya kawo siminti da gwani, a haƙa, a ɗaure baki da kankare. Wanda ya taɓa tsayawa bakin irin wannan rijiya da asuba ya san abin da nake nufi. Ga matar mai bishara, ga matar liman, ga 'yar Fulani da ta ajiye ƙwaryar nononta a gefe, guga ɗaya ke zagayawa a hannunsu, wadda ta fi ƙarfi ta ɗora wa wadda ba ta kai ta ba. Ba wadda ake tambaya ina take sujada. A makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp da ke Kwarhi ma, ɗalibi ba littafi kaɗai ake ba shi ba, har da gona da koyon huɗa da shanu, don in ya je ƙauye ya ci guminsa, maƙwabta kuma su ga sabuwar dabarar noma a gonarsa. A ganina ikilisiya ba ta taɓa sabuntuwa kamar a waɗannan shekaru ba, ko da yake ba wanda ya kira abin farkawa, ba kuma a buga masa takardar talla ba.

To, me ya faru? Abubuwa ne suka taru. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantu da asibitocin mishan. Akwai hujja a cikin haka, domin ilimi da lafiya haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne, amma ikilisiyoyi da yawa sun wayi gari ba abin da ya rage a hannunsu sai bagade. A hankali muka saba da cewa gyaran gari aikin gwamnati ne, namu wa'azi. 'Ya'yanmu suka yi karatu suka tafi Maiduguri da Yola da Kano da Kaduna da Jos, daga baya Abuja da Legas, suka kafa majami'u a can, abin farin ciki. Sai matsin tattalin arziki ya zo daga 1986, albashi ya daina kai wata, aka kuma samu sabon salon wa'azi mai auna albarka da mota da gida. Ko ikilisiyoyin da ba su karɓi wannan koyarwa da baki ba, iskarta ta taɓa su.

Kowa a cikinmu ya san taron tara kuɗin gini. Ana gayyato babban baƙo daga birni, a kira suna a lasifika, a faɗi adadi, a yi tafi gwargwadon adadin. A can baya akwai gwauruwa da ta ƙulle 'yan kuɗinta a bakin zane tun daga gida, tana jira a gama da manya. Sau da yawa kafin a zo kanta hayaniya ta tashi, ta jefa a faranti ba wanda ya gani. Ba ganin ne damuwata ba, ai Mai gani ya gani. Damuwata ita ce da yamma za ta koma ɗakin da ke yoyo, kuma a cikin dubban da aka tara ba ko kwabo da aka ware don rufin kwanonta. Mun gina majami'u masu ɗaukar dubbai a unguwannin da ba su da famfo.

Sannan ga tsoro, wanda ba mu muka ƙirƙira shi ba. An yi Maitatsine a Bulunkutu a 1982, an yi a Jimeta a 1984. An yi Kafanchan a 1987. A Fabrairun 2006 an ƙone majami'u a Maiduguri, a Yulin 2009 aka sake. Bayan bama-baman 2011 da 2012, irin na Madalla ranar Kirsimeti, kowace majami'a ta ɗaga katanga, ta jera durom cike da kankare a bakin hanya, ta tsayar da samarin Brigade da na'urar bincike a ƙofa, aka hana mata shiga da jaka. Ba na zargin kowa da gina katanga, wanda ya binne ɗansa ba a koya masa hattara. Amma a faɗi gaskiya, mun biya wani farashi. Rijiyar da a da take tsakar gari yanzu burtsatse ce a cikin harabar majami'a, bayan ƙofar ƙarfe da ake kullewa da magariba. Yaran unguwa da suka saba shigowa buga ƙwallo suka daina. Aka tashi wani zamani na samari, namu da nasu, da ba su taɓa cin tuwo a ƙwarya ɗaya ba.

Sai 2014 ta zo. Daren 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, mafi yawansu 'ya'yan EYN. Gwoza ta faɗi a watan Agusta, Madagali ta bi, Michika a Satumba. Ranar 29 ga Oktoba Boko Haram ta shiga Mubi da Kwarhi, ma'aikatan hedikwata da ɗaliban makarantar Kulp suka fantsama daji, shugabanni suka koma Jos da zama. Mutane suka bi duwatsu da ƙafa zuwa Kamaru, wasu suka gangara Yola, wasu har Nasarawa da Abuja. A 2020 shugaban ikilisiyar na lokacin, Rabaran Joel Billi, ya bayyana cewa an kashe mambobi sama da 8,000, an raba sama da 700,000 da gidajensu, an ƙone ɗaruruwan majami'u. Katangun da muka kashe kuɗi a kansu ba su tare komai ba.

Ba zan taɓa cewa wannan masifa alheri ce ba, kuma ina jin zafi idan na ji mai wa'azi ya faɗi haka da sauƙin baki a gaban waɗanda aka yanka mazajensu. Mugunta ce, sunanta ke nan. Abin da zan iya faɗa shi ne, da gini ya tafi, da littafin baiko ya ƙone, an ga abin da ya rage, kuma abin da ya rage shi ne ya ciyar da mutane.

Mafi yawan 'yan gudun hijira ba a sansani suka sauka ba, a gidajen mutane suka sauka. Malamin firamare mai ɗaki biyu a Jimeta ya wayi gari da mutum talatin ko fiye a tsakar gidansa, wasu danginsa, wasu dangin dangi, wasu kawai an ce musu ga gidan ɗan garinku. Maza a waje kan tabarma, mata da yara a ciki, tukunya ba ta sauka daga murhu. Ba wanda ya rubuta takardar neman tallafi kafin ya buɗe ƙofa. Kuma a cikin masu buɗe ƙofar akwai Musulmi, kamar yadda a cikin masu gudun akwai Musulmi, domin wutar ba ta zaɓa ba. Akwai waɗanda maƙwabtansu Musulmi suka ɓoye su a ɗaka, suka ba matansu hijabi suka fitar da su daga gari. Wajibi ne mu riƙa faɗin wannan a kan bagade yadda muke faɗin ɗaya gefen.

Idan kuwa ana neman ƙashin bayan abin, zumuntar mata ce. Shekara da shekaru muna ɗaukarsu masu waƙa da tulu da caki, masu girki ranar taro. Ashe duk tsawon lokacin nan su kaɗai ne ba su daina tsohon aikin ba. Kowane mako suna haɗuwa, kowace ta ajiye ɗan abin da ta samu, su je gaida mai jego, su kwana gidan makoki, su san gidan da hayaƙi bai tashi ba yau. Sun riƙe maganar nan ta cewa zumunta a ƙafa take. Da aka watse, kafin a gano inda fasto ya faɗa, kafin a ji daga gunduma, matan sun riga sun nemo juna a gindin bishiya, sun ƙirga wa ya iso, wa bai iso ba, ɗan wa ke hannun wa. Mudun masara ɗaya sai a raba shi gida uku. Wannan sani na gida-gida babu ofishin da ke da shi, kuma da manyan ƙungiyoyin agaji suka iso da motocinsu, a wurare da yawa da matan nan suka dogara don sanin wa ke da buƙata da gaske. Dakta Rebecca Dali, wadda aka ba lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017, daga cikin irin waɗannan mata ta fito. Ta bi sansani-sansani tana raba kaya, tana kuma rubuta sunayen waɗanda aka kashe ɗaya bayan ɗaya, don kada su zama adadi kawai.

Ba EYN kaɗai ba. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babbar majami'ar Katolika ta Santa Teresa ga dubban mutane, ba a tambayi addinin kowa a ƙofa ba. Da shekaru suka wuce wasu ba su da inda za su koma, sai aka gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, aka buɗe a 2021, da makaranta da majami'a, da masallaci don Musulmin da ke cikinsu. Ya sha suka a kan masallacin, har daga cikin gida. Ni ina ganin daidai ya yi: wanda ka ba ɗaki ka hana shi wurin salla, ba ka gama saukar da shi ba. A Gurku kuma, cikin jihar Nasarawa, Markus Gamache da abokan aikinsa Kirista da Musulmi suka sayi fili suka zaunar da iyalai na addinan biyu wuri ɗaya da gangan, suka yi bulo tare, suka ɗora rufi tare.

Akwai abin da ya sa wannan ikilisiya ba ta ɗauki makami da sunanta ba. Asalin ɗarikar da ta haife ta mutum takwas ne da aka yi wa baftisma a kogin Eder a Schwarzenau ta ƙasar Jamus a 1708, kuma tun daga can koyarwarsu ita ce ƙin ramuwa. Gado ne mai nauyi. Faɗinsa a aji da sauƙi, riƙe shi a ranar da aka kawo gawar ƙaninka wani abu ne dabam, kuma ba kowa ya iya ba. A Michika bayan an dawo, zargi ya yi yawa har kasuwa ta rabu, kowane ɓangare da ranarsa. Mutum ya dawo ya tarar da ƙofar ɗakinsa a jikin ɗakin wani. A garin ne kuma aka sace Rabaran Lawan Andimi a Janairun 2020 aka kashe shi, wata ɗaya bayan haka aka shiga Garkida kanta aka ƙone majami'u. Duk wanda ya ce gafara ta zo da sauƙi bai zauna da mutanen ba. Shi ya sa nake girmama tarurrukan warkar da raunin zuciya da aka fara a 2015, da tsarin da aka koyo daga Ruwanda, inda mutum ke samun kwana biyu ko uku ya faɗi abin da ya gani, ya yi kukansa, ba mai katse shi da aya.

Muna da wata al'ada da nake ganin ta fi wa'azi dubu koya mana wannan, wato wankin ƙafa kafin jibin Ubangiji. Maza gefe, mata gefe. Ka ɗaura tawul a ƙugu, ka durƙusa gaban wanda ke kusa da kai, ko wane ne, ka ɗauki ƙafarsa ka sa a kwano. Ƙafar manomi ce, da faso da kaushi, ruwan ya yi ja nan da nan. Ka goge, ku tashi ku rungumi juna, shi ma ya karɓi tawul ya juya ga na gaba. Darakta na iya faɗawa kan mai gadinsa. Wanda kuka yi shekara ba ku gaisa ba na iya zama shi ne a gefenka. Hannun da ya saba da wannan bai kamata ya ji ƙyamar kwatar unguwa ko gyambon almajiri ba. Abin da nake roƙo kawai shi ne kwanon ya riƙa fita waje.

Yanzu an koma garuruwa da yawa, an sake gini, wasu majami'un sun fi na da girma. Na fahimci dalili. Mutumin da aka ƙone masa wurin sujada yana so ya nuna cewa yana nan, kuma jama'a ba za su dawwama a ƙarƙashin rumfar kara ba. Tsorona shi ne mu koma gidan jiya, mu ɗauka cewa da an ɗora kwano an gama farfaɗowa. Akwai wani tsoron kuma. Taimakon da ya zo daga 'yan'uwa na Amurka da Turai ya ceci rayuka, Allah ya saka musu. Amma shekarun agaji sun koya mana wani hali: hidima ta zama aikin ofishi, mai fom da hoto da rahoto, in kuɗin waje ya tsaya ita ma ta tsaya. Mun koma bin layi kamar zamanin kakanninmu. Shirin Lafiya ya yi ƙarfi ne domin gari ya sa hannunsa da aljihunsa, abin da aka kawo daga waje ƙari ne.

Saboda haka idan dattawan wata majami'a suka tambaye ni ta ina za su fara, ba zan ce su kira babban mai wa'azi ko su sayi sabbin kayan kiɗa ba. Zan ce su ɗauko kasafin kuɗinsu na bara su duba nawa ya fita daga harabar zuwa cikin gari. Su kira shugabar zumuntar mata, ba don ta kawo abinci ba, don ta zauna a teburin da ake yanke shawara, tunda ita ta san gidajen. Abin kunya ne a ce waɗanda suka fi yawa a kujeru, suka fi kowa ɗaukar nauyi, su ne ake sanar da su bayan an gama magana. In akwai burtsatse a ciki, a ja bututu ɗaya a huda katanga a sa famfo ta waje, kuɗinsa bai kai na fentin bagade ba. Azuzuwan makarantar Lahadi da ke kulle kwana shida za su iya zama wurin karatun manya da darasin yamma ga yaran unguwa, kowane yaro. Kuma kafin a yi ko ɗaya, a je a gaida mai unguwa da liman a tambaye su me ya fi damun gari, domin mun daɗe muna ba da amsar tambayar da ba a yi mana ba. Wataƙila su ce ƙwaya ce ke cinye samari, tiramadol ba ta san ɗan fasto ba, ba ta san ɗan liman ba. Wataƙila su ce gona ce, ga baƙi sun zo ba su da inda za su sa fartanya, alhali majami'a na da fili a kwance tana jiran ginin da ba a san ranarsa ba.

Har yanzu akwai dubban mutanenmu na bayan dutsen Gwoza a sansanin Minawao a Kamaru, sun haura shekara goma, sun kafa majami'unsu a can, an haifi yara da ba su taɓa ganin garinsu ba. Akwai iyayen Chibok da suka mutu suna jira, akwai masu jira har yau.

Akwai kuma waɗanda suka dawo, su ne jarrabawar da ta fi kusa da mu. Mata da 'yan mata da aka riƙe a daji sun fito, wasu da goyo. An yi musu addu'ar godiya ranar da suka iso, daga nan sai aka fara matsawa in sun zauna a benci. Miji ya ce ba zai iya ba, uwar miji ta ce jinin ba nasu ba ne, yara a rijiya suna kiran ɗan da sunan da bai san ma'anarsa ba. Yaran nan yanzu sun isa makaranta, wasu sun yi nisa a firamare in an sa su. Dattawan kowace majami'a a Askira da Chibok da Madagali sun san gidajen da suke, ba sai an kawo masu bincike daga Abuja ba. A biya musu kuɗin makaranta na zango mai zuwa daga baikon ikilisiya, a saya wa uwar keken ɗinki ko a ba ta kadada ɗaya a filin majami'a, matar fasto ta zauna kusa da ita ranar Lahadi a gaban kowa, malamin makarantar Lahadi kuma ya tsawata wa duk yaron da ya sake kiran ɗanta da wancan suna.